Yadda ake gasa kafaɗar rago da hayaƙi a tukunyar gashi mai murfi har ta yagalgale

Gashin da muka saba da shi, tsire ko balangu, gashi ne na wuta kusa da nama, a yanka shi fale-fale a ɗora a juya, ba a jima ba an sauke. Wannan da zan yi bayani daban yake gaba ɗaya, kafaɗa guda ake ɗauka sukutum da ƙashinta, a ajiye ta nesa da garwashi a rufe, wuta ƙasa-ƙasa, hayaƙi na ratsa ta awa shida bakwai har goma, sai ta kai ka sa hannu ka zare ƙashin ya fito fes, naman kuma ya wargaje zare-zare ba tare da wuƙa ba. Kuma ba banda ba ce fa, ita banda busar da nama ake yi don ya daɗe, nan kuwa so ake ya fito da danshinsa da romonsa a jiki.

Abincin kudancin Amurka ne, jihohin Karolina da birnin Memfis sun yi suna a kai, kuma su da kafaɗar alade suke yi, wanda akasarinmu ba ma ci. Amma abin da ke sa gashin ya yi kyau ba irin dabbar ba ce, yanayin kafaɗa ne, wuri ne da dabba ke aiki da shi kullum, cike yake da jijiya da kitse a tsakankanin tsoka. Kuma ko a can Amurkan akwai garin da rago da tunkiya ne abin alfaharinsu, Owensboro a yammacin jihar Kentaki. Mutanen yankin sun yi kiwon tumaki saboda gashin jikinsu, in tunkiya ta tsufa namanta ya yi tauri sai suka gano doguwar wuta da hayaƙin icen hikori ne maganinsa, har yau gidajen abinci irin su Moonlite da Old Hickory na yi, kuma tun 1979 garin ya fara bikin gashi na shekara-shekara a watan Mayu. To kaga ba ƙirƙira muka yi ba, hanya ce da aka daɗe ana bi.

Tukunyar da nake nufi ita ce zagayayyiyar nan ta ƙarfe mai ƙafa uku da murfi, irin ta Weber. Wani ma'aikacin ƙarfe ne a Chicago, George Stephen, ya fara yin ta a 1952, ya raba ƙwallon ƙarfen da ake sakawa a ruwa don nuna wa jirage hanya gida biyu, rabi ya zama tukunya rabi murfi. Tana da raga biyu, ta ƙasa ta gawayi ta sama ta nama, da ƙofar iska a ƙasa da wata a jikin murfi. Mai faɗin santimita 57 ita ce daidai, ƙaramar mai 47 za ta yi amma nama zai matso kusa da wuta sai ka dinga sa ido. In ba Weber ce da kai ba babu komai, ko wacce mai walda ya haɗa ce, sharaɗin dai murfin ya zauna daram kuma ƙofofin iska su buɗu su rufu. Amma don Allah kar a yi da durom ɗin da aka zuba sinadari ko ƙarfen da aka shafe da zinki irin na kwanon rufi, in ya ji wuta tiririnsa guba ne.

Wajen mahauci

Ka ce masa kafaɗa kake so guda ɗaya, da allonta, kar ya sassara maka ita, don hannunsu ya saba da zarar ka nuna nama sai ka ji gatari. Kilo biyu zuwa biyu da rabi ita ce matsakaiciya. Ka duba mai kitse, wacce in ka kalli gefen yankan za ka ga farin kitse ya ratsa cikin jan naman, rago ramamme ba ya yin wannan gashin, zai bushe tun kafin ya yi laushi. Cinya ma ban ba da shawara ba duk da ta fi tsoka, jijiyarta kaɗan ce, ƙarshenta sai ta fito tana maƙale maƙogwaro. In naman sa kake so to ka nemi wajen kafaɗa zuwa wuya, ko tozo, tozo kam wallahi ya dace da wannan aikin sosai, mutanen Barazil ma haka suke gasa nasu a hankali na tsawon awanni. Akuya tana yi amma kitsenta kaɗan ne, sai an naɗe ta da wuri.

In na layya ne kar ka gasa ranar yanka. Bayan yanka tsoka tana sandarewa, sai ta kwana ɗaya ko biyu a sanyi kafin ta saki. Kuma kar a jefa shi firiza da ɗuminsa, sanyi mai tsanani farat ɗaya yana ƙanƙance tsokar rago ta ƙara tauri, a bar shi ya sha iska a inuwa ya huce tukuna sannan firij.

A gida sai ka gyara. Akwai wani tantani siriri a saman kitsen, ka ɗaga shi da bakin wuƙa ka ja, yana hana gishiri shiga. Kitsen saman ka rage shi ya zama bai fi rabin santimita ba, musamman in tsohon rago ne, don ƙarnin nan da wasu ba sa so a kitse yake zaune ba a tsoka ba. Ka laluba cikin dunƙulen kitsen da ke gaban allon ta wajen wuya, za ka tarar da wani ɗan ƙullutu mai launin toka-toka, kaluluwa ce, cire ta ka yar. Sai ka ɗan tsattsaga sauran kitsen sama-sama kar wuƙar ta kai ga nama.

Gishiri tun dare ake sa shi. Lissafin da nake bi giram 10 a kowane kilo na nama, wato kafaɗa mai kilo biyu babban cokali ɗaya da ɗan tozo na gishirin gari ya ishe ta. Ka shafe ko'ina, ka ɗora a faranti ka sa a firij ba tare da ka rufe ba. Gishiri ne kaɗai ke iya shiga can ciki, da farko zai jawo ruwa waje ya narke a ciki sannan ya koma cikin naman, sauran kayan yaji duk a sama suke tsayawa komai daɗewarsu, shi ya sa ba sai ka wahalar da kanka da jiƙa nama kwana biyu a kayan haɗi ba. In za ka sa dunƙule to ka rage gishirin, shi ma gishiri ne.

Da safe kafin ka kunna wuta ka haɗa yajin, garin tattasai cokali biyu, garin tafarnuwa cokali ɗaya, baƙin barkono ko masoro cokali ɗaya wanda aka daka bai yi laushi can ba, citta ƙaramin cokali, barkono daidai bakinka, sikari cokali ɗaya in kana so ya yi duhu da kyau. Ka shafa ɗan man gyaɗa a jikin naman don yajin ya kama sai ka barbaɗa. Na san hannu zai so kai wa yajin tsire, ni dai ra'ayina a bar shi sai ƙarshe, ƙuli-ƙulin da ke ciki ba ya jure awa shida a zafi da hayaƙi, yana yin baƙi ya kawo ɗaci, amma in an yayyaga naman aka barbaɗa shi a kai ai ba a magana.

Wuta, nan ne aikin yake

Duk abin da na faɗa a baya ko yaro zai iya, abin da ke raba mai kyau da marar kyau shi ne riƙe zafin cikin tukunya tsakanin digiri 120 zuwa 135 na Salshiyas tsawon yini, wato wajen 250 zuwa 275 a ma'aunin Amurkawa. Kuma ba da yawan gawayi ake sarrafa shi ba, da iska ne. Gawayi komai yawansa ba zai ci fiye da iskar da ka bar masa ba.

In kana samun curarren gawayi, wanda inji ya matse ya fito girma ɗaya irin Kingsford ko na ɓawon kwakwa, to ka yi jerin maciji. Ka jera su a jikin bangon tukunya a kan ragar ƙasa, biyu-biyu a faɗi, ka ɗora wasu biyu-biyu a kai, kowanne ya jingina da na gabansa ya taɓa shi sosai, ka zagaya har kashi biyu cikin uku na da'irar ka tsaya, kar kai da wutsiya su haɗu in ba haka ba wuta za ta kama ta ɓangare biyu. Sai ka kunna guda takwas zuwa goma a waje, in sun yi fari da toka ka zuba su a kan macijin ta gefe ɗaya. Wutar za ta dinga bin layin a hankali, wannan ya kunna wancan, a tukunya mai santimita 57 jeri ɗaya yana kai awa takwas har fiye ba ka ƙara ko ɗaya ba. Wannan dabarar ce ta sa tukunyar da aka yi don gashin sauri take iya doguwar wuta.

In kuma gawayin buhu ne na itace, wanda shi ne a hannun yawancinmu, yana yi amma ya fi rigima, ya fi saurin ci kuma ya fi zafi, ga shi wani ƙato wani gari. Ka zauna ka tace shi, ka zubar da garin don yana toshe iska, manyan ka farfasa su dawo kamar girman ƙwai, ka zaɓi mai nauyi wanda in ka buga biyu suna ƙara, na kirya in ka samu ya fi daɗewa. Ka jera shi a gefe kamar yadda na faɗa amma ka cusa su sosai kar a bar rami a tsakani, don a ramin ne wuta ke yankewa. Ka sa a ranka za ka ƙara gawayi duk bayan awa biyu ko uku, ka ajiye shi kusa.

Wajen kunnawa ban yarda da kalanzir ko fetur ko leda ba ko kaɗan. A gashin fili warin yana tashi ya tafi, nan kuwa rufe za ka yi, duk abin da ya ƙone a ciki nama ne zai shanye. Ka samu babban gwangwani ka cire sama da ƙasa, ka huda gefen ƙasan, takarda a ƙasa gawayi a sama, minti goma sha biyar ya kama. Kuma a tsakar gida ko fili ake wannan aikin, ba a ɗaki ko gareji ba ko da taga a buɗe, gawayi yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi kuma tana kisa.

Icen hayaƙi kuma guntaye uku ko huɗu sun isa, kowanne kamar rabin dunƙulen hannu, ka ɗora su a kan rabin farko na jerin da tazara a tsakaninsu, yadda in wannan ya cinye wuta ta isa wancan. A Amurka icen hikori da wanda suke kira oak da icen tuffa da na ceri ake sawa. A wajenmu icen mangwaro ko gwaiba ko lemu busasshe yana ba da ƙamshi mai daɗi. Ka guji dalbejiya da icen turare da duk wani ice mai ƙaro ko farin ruwa, da katakon gini ko na kujera da aka yi wa fenti. Ba sai ka jiƙa shi a ruwa ba, ruwan ba ya shiga ciki, tururi kawai zai yi ya jinkirta maka. Kuma kar ka ce bari in ƙara don ya ji hayaƙi sosai, kitsen rago yana kama hayaƙi fiye da yadda kake zato, in ya yi yawa ɗaci ne da ƙaiƙayin harshe.

A tsakiyar ragar ƙasa ka ajiye kwano na ƙarfe ko na foyil ka zuba ruwan zafi rabi. Yana tare kitsen da ke ɗiga kar ya kama da wuta, yana kuma daidaita zafin kar ya dinga hawa da sauka. Ka mayar da ragar sama, ka rufe, ƙofar ƙasa a buɗe duka ta sama ma haka, ka jira. In zafi ya kai wajen 100 sai ka rage ta ƙasa ta koma kwata, don in ka bari ya wuce inda kake so saukar da shi yana da wuya, hawa ne mai sauƙi. Ta sama ka bar ta rabi ko fiye, kar ka taɓa rufe ta ruf, hayaƙi wucewa ake so ya yi ba zama ba. Duk lokacin da ka taɓa ƙofar iska ka ba ta minti goma zuwa sha biyar kafin ka sake taɓawa, tukunya ba ta amsawa nan take, masu gaggawa a nan suke rikicewa su yi ta buɗewa da rufewa zafi na ta lilo.

Ka kalli hayaƙin da ke fita kafin ka ɗora nama. Da farko fari ne mai kauri, wannan ba shi ake so ba, ka jira ya koma siriri mai ɗan shuɗi-shuɗi wanda da ƙyar kake ganinsa, ka sa hanci ka ji ƙamshi ba ƙauri ba.

Maganar ma'aunin zafi, na jikin murfi yana auna can sama ne inda zafi ke taruwa, kuma in ya faɗo saitin wuta sai ya nuna maka abin da ba shi ne a wajen nama ba. In da hali ka sayi na batir mai waya biyu, tsinke ɗaya a kan raga kusa da nama ɗaya a cikin naman, ba shi da tsada in ka kwatanta da kuɗin kafaɗar rago a yau. In babu, ka zura mai dogon tsinke ta ƙofar iskar murfi.

Ɗora nama da jira

Ka fito da naman daga firij kai tsaye ka ɗora, sanyinsa ma yana taimakawa hayaƙi ya kama. Saman kwanon ruwa zai zauna, kitse a sama, ɓangaren da ya fi kauri yana kallon wuta. Ka rufe yadda ƙofar iskar murfin za ta kasance a saman naman ta gefen da ba wuta, don hayaƙin ya taso daga garwashi ya bi ta kan nama sannan ya fita. Da yake wutar tafiya take yi a da'ira, duk bayan awa ɗaya da rabi ko biyu sai ka juya ragar da murfin kaɗan don nama ya ci gaba da zama nesa da ita.

Daga nan awa uku na farko ka bar murfin nan ya huta, in ba juya ragar ko ƙara gawayi za ka yi ba. Na san da wuya, ƙamshi na tashi yara na zagaye kowa na so ya leƙa, amma duk buɗewa ɗaya zafi ya fita, iska kuma ta shiga ta hura garwashi, sai ka rufe ka ga ya haura 160. Ma'auni zai gaya maka abin da ke faruwa. In lokacin hunturu ne da iska ka matsar da tukunyar bayan katanga, iska tana shiga ta ƙasa ta cinye gawayi da wuri. In rana ce ta bazara tana dukan baƙin murfi za ka ga zafi ya ƙaru da kansa, ka ƙara rage ƙofar ƙasa ko ka ja ta inuwa. In zafi ya fara sauka ba dalili to yawanci toka ce ta toshe, ka karkaɗa hannun share tokar da ke ƙasan tukunyar in tana da shi, ko ka ɗan bubbuga ƙafar tukunyar.

Bayan awa uku ka duba. Ka goga yatsa a saman, in yajin ya kama ya zama ɓawo mai duhu baya biyo yatsa to lokacin shafa ruwa ya yi. Mutanen Owensboro suna da wani baƙin ruwan tsami da suke shafawa suna kuma tsoma naman a ciki wajen ci, tushensa binega da miyar kwalba ta Ingila irin Lea & Perrins da lemon tsami da baƙin barkono. Yadda nake haɗawa, ruwa kofi biyu, binega rabin kofi, Lea & Perrins rabin kofi, ruwan lemon tsami biyu, sikari cokali ɗaya, baƙin barkono, ɗan kanumfari kaɗan, a tafasa minti goma. In ba ka da miyar kwalbar ka jiƙa tsamiya ka tace mai kauri ka sa a madadinta, dama akwai tsamiya a cikin ita waccan ɗin. Ka raba biyu tun yanzu, rabi na shafawa rabi na ci. Duk bayan minti arba'in da biyar zuwa awa ɗaya ka ɗiga shi a kai da sauri ka rufe, ɗigawa ba gogewa ba kar ka kankare ɓawon. Tsamin nan shi ke yanke maiƙon rago.

Sai kuma wurin da mutane ke karaya. Zafin cikin nama zai yi ta hawa lafiya lau, yana kaiwa wajen digiri 65 zuwa 72 sai ya tsaya cak, awa ɗaya, awa biyu, wani lokaci har ya ɗan sauka. Ba wutarka ce ta mutu ba kuma ba ma'auni ne ya lalace ba, ruwan da ke fitowa daga jikin naman ne yake bushewa yana sanyaya shi daidai gwargwadon zafin da ke shiga. Kar ka ƙara wuta da yawa, za ka ƙona waje ne ciki yana nan. Zaɓi biyu ne, ko ka yi haƙuri ya wuce da kansa ka samu ɓawo mai ƙarfi, ko ka naɗe. Ni a kafaɗar rago naɗewa nake yi, don ba ta kai girman da za ta jure doguwar bushewa ba. Sharaɗi ɗaya ne, kar ka naɗe don agogo ya ce, ka naɗe in ɓawon ya yi duhun da kake so ya kuma kama, in ka yi da wuri zai jiƙe ya saɓule. Foyil ninki biyu, ka ɗora naman, ka zuba ruwan tsamin nan kamar rubu'in kofi, ka naɗe tsam kar tururi ya samu hanya, ka mayar da tsinken ma'auni ta sama. Daga nan hayaƙi ya gama aikinsa, za ka iya ɗaga zafi zuwa 140 ko 150, kai in gawayi ya ƙare ma ka ƙarasa a oben ba abin da zai ragu.

Yaushe ya yi

A digiri 70 naman ya dahu, za a iya ci, amma in ka ja shi ba zai rabu ba, kuma a nan ne da yawa ke saukewa su ce gashin bai yi ba. Jijiyar nan fara da ke riƙe da tsoka sai ta daɗe a zafi sama da haka kafin ta narke ta koma wani abu mai danƙo da santsi, shi ne yake ba naman laushi da danshin da kake ji a baki, ba ruwa ba ne. Abin da ake nema 93 zuwa 96 a wurin da ya fi kauri, tsinken kar ya taɓa ƙashi. Amma lambar jagora ce kawai, hannu ne alƙali, ka soka tsinken tsire a wurare uku huɗu, ya shige kamar ka soka shi a nunanniyar gwanda, ko'ina ba wuri ɗaya ba, musamman ƙarƙashin allon. Ka kama bakin ƙashin da tsumma ka murɗa, in ya juya yana neman fitowa to shikenan. In akwai inda ya ɗan riƙe ka rufe ka ƙara minti talatin. Kafaɗar ɗan rago mai kilo biyu takan ɗauki awa shida zuwa bakwai, ta babban rago ko tsohuwar tunkiya takwas, tara har goma, saboda haka in baƙi na zuwa bayan magariba ka kunna wuta da hantsi ko ma tun bayan asuba, gara ya gama da wuri ya jira.

Jiran ma wajibi ne. Ka ɗan buɗe foyil ɗin minti biyar tururin farko ya fita don dahuwar ta tsaya, ka sake naɗewa, ka lulluɓe da tawul ka sa a kula ka rufe. Aƙalla awa ɗaya, kuma zai iya kai awa uku da zafinsa, dai kar ya sauka ƙasa da digiri 60. In ka yayyaga shi da zafin wuta romon zai malale a faranti tururi ya kwashe sauran, minti goma ya bushe.

Wajen buɗewa ka yi a cikin babban tire don romon da ya taru a foyil kar ko ɗigo ya zube. Ka juye shi a kofi ya zauna, man zai taso sama ka kwashe mafi yawansa. Zare allon, sai ka sa hannu ko cokula masu yatsu biyu ka bi tsawon tsokar kana rabawa, kana tsince dunƙulen kitsen da bai narke ba da guringuntsi. Kar ka dagargaza shi ya zama dambu, ka bar shi manya-manya wasu kamar yatsa, ka tabbata baƙin ɓawon ya gauraya ko'ina don a nan ɗanɗanon yake. Za ka ga wani jan layi a ƙarƙashin ɓawon ya zagaye naman, ba ɗanye ba ne, iskar da ke fitowa daga ƙonewar gawayi da ice ce ta haɗu da sinadarin da ke ba nama launinsa ta riƙe jan, ka yi wa mutanen gida bayani tun kafin wani ya ture faranti. Ka mayar da romon a kai, ka ƙara cokali biyu uku na ruwan tsamin da ka ajiye, ka ɗanɗana gishiri, yanzu ne lokacin yajin tsire.

Can Amurka suna cusa shi a burodi mai laushi da yankakken kabeji da albasa. Da gurasa ma yana tafiya sosai, ko masa ko sinasir ko a kan shinkafa, da ɗanyar albasa da tumatir da lemon tsami a gefe. A ci da zafi, man rago yana saurin daskarewa, in da hali ka ɗumama tiren ma kafin ka zuba. Wanda ya rage kar ya wuce awa biyu a waje, a sa a roba mai murfi tare da romonsa, yana kwana uku zuwa huɗu a firij in wuta na tsayawa, in ba ta tsayawa a rabar da shi a ranar. Wajen ɗumamawa ka zuba a kasko da ɗan ruwa cokali biyu ka rufe a wuta kaɗan har ya yi zafi sosai, sannan ka buɗe ka bar gefe-gefen ya ɗan soyu a cikin mansa.